Kare ya faɗi, numfashi ya ɗauke: me za a yi masa da hannu kafin a kai ga likita?

Mai Gadin Gona

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin dabbobi ce da masu kiwon karnuka da ke nan. Mu da ke ajiye karnuka don gadin gona da garke, tsakaninmu da asibitin dabbobi yawanci tafiyar awa guda ce ko fiye. Idan kare ya yanke jiki ya faɗi, ko an tsamo shi daga rijiya, ko ƙashi ya maƙale masa har numfashi ya ɗauke, shin danna ƙirjin nan da ake yi wa mutane yana yi masa amfani? A ina ake ɗora hannu, sau nawa, da wane irin ƙarfi? Sai batun hura masa iska ta hanci: da gaske ana yi, ko akwai hatsari a ciki? Karnukan namu na gida ne, masu dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, kilo 15 zuwa 20. Don Allah a yi bayani dalla-dalla yadda wanda bai yi karatun likita ba zai gane.

Likitan Dabbobi

Wa alaikumus salam, Malam. Yana yi, kuma akwai ƙa'idarsa a rubuce. Ƙwararrun likitocin dabbobi na sashen gaggawa sun fitar da tsari mai suna RECOVER a 2012, suka sabunta shi a 2024, kuma a kansa zan ɗora bayanina.

Da farko ka tabbatar da abin da ke gabanka, amma kada hakan ya ci maka fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15. Kira shi da ƙarfi, ka girgiza shi, ka zuba wa ƙirjinsa ido. Idan bai motsa ba, ƙirjin kuma ba ya ɗagawa, fara aiki. Kada ka tsaya lalube cinya kana neman bugun jini. Ko likita yakan ruɗe a nan, sau da yawa bugun ɗan yatsansa yake ji ya ɗauka na karen ne. Illar da za ka yi wa karen da suma kawai ya yi idan ka danna masa ƙirji ƙarama ce, shi da kansa zai motsa ya sanar da kai. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa, cikin minti 4 zuwa 5 ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne kakarin mutuwa. Za ka ga kare ya miƙe wuya, ya wangale baki, ya ja iska sau ɗaya da ƙarfi, ya yi shiru na tsawon lokaci, ya sake. Wannan ba numfashi ba ne. Idan ka ga haka, ka ɗauka zuciya ta tsaya.

Kwantar da shi a gefensa a kan wuri mai tauri, daɓe ko siminti ko busasshiyar ƙasa. Hagu ko dama duk ɗaya ne. A kan katifa ko tarin ciyawa ƙarfinka zai tafi a banza, domin katifar ce za ta riƙa lotsawa, ba ƙirjin ba. Durƙusa ta bayansa, wato gadon bayansa yana wajen gwiwoyinka.

Inda ake ɗora hannu ya danganta da ƙirar ƙirjin, kuma nan ne masu kallon bidiyo a intanet ke kuskure, domin yawancin karnukan da ake nunawa ba irin namu ba ne. Karen gida da ka kwatanta, da karen farauta, da irin Azawak na Buzaye da ya samo sunansa daga yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, duk ƙirjinsu mai zurfi ne, siriri daga gefe zuwa gefe. Zuciyarsu tana kusa da haƙarƙari, don haka kai-tsaye a kanta ake dannawa. Yadda za ka same ta: kama ƙafar gaba ta sama, ka lanƙwasa ta baya har gwiwarta ta taɓa ƙirji. Inda ta taɓa, tsakanin haƙarƙari na 4 da na 6, ta ɓangaren ƙasa kusa da ƙashin ƙirji, nan zuciya take.

Manyan karnukan waje masu zagayayyen ƙirji kamar ganga, irin su Labrador da Rottweiler, ba a kan zuciya ake danna musu ba, sai a wurin da ƙirjin ya fi tudu da faɗi. Su haƙarƙarinsu ya yi nisa da zuciya, matsin da ke taruwa cikin ƙirjin gaba ɗaya shi ke tura jinin. Masu faffaɗan ƙirji shimfiɗaɗɗe kamar Bulldog ana iya kwantar da su rigingine a danna ƙashin ƙirji kamar na mutum. Ɗan ƙaramin kare ko kwikwiyo da bai kai kilo 7 ba, hannu ɗaya ya isa: babban yatsa ta gefe guda, sauran yatsu ta ɗaya gefen, ka riƙa matsawa a kan zuciya.

Ga naka mai kilo 15 zuwa 20: ɗora gindin tafin hannu ɗaya a wurin, ka ɗora ɗayan a kai, ka sarƙe yatsu. Miƙe hannuwanka sambal, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, kafaɗunka su zo daidai saman tafukanka. Da nauyin jikinka za ka danna, daga ƙugu. Mai dannawa da ƙarfin damtse ba ya kai minti ɗaya bai gaji ba.

Zurfi: kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin kaurin ƙirjin. Idan kaurinsa a kwance santimita 15 ne, ka nutsa da 5 zuwa 7 da rabi. Ya fi abin da zuciyar mutum ke yarda ya yi wa dabbarsa, na sani, amma tausayi a nan shi ke kashewa. Ko an yi shi yadda ya kamata, jinin da dannawa ke turawa bai wuce kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da zuciya mai lafiya ke turawa ba. To ina ga an yi shafa-shafa? Haƙarƙari na iya karyewa. Idan ka ji ƙas, duba ko hannunka ya goce daga wurinsa, ka gyara, ka ci gaba. Ƙashi yana ɗoruwa.

Sauri: 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Ƙirga da babbar murya. Bayan kowace dannawa ka saki ƙirjin ya dawo cikakke, ba tare da ka ɗauke hannu daga fatar ba. Lokacin sakin ne zuciya ke cika da jini. Wanda ya gaji yakan kwanta a kan ƙirjin bai sani ba, sai ya zama yana matse zuciyar da babu komai a cikinta.

Danna 30, hura iska 2, ka koma nan take. Haka za ka yi ta yi har minti 2 ba tsayawa, domin sai an ɗauki kusan minti guda ana dannawa kafin jini ya taru da ƙarfin da zai ciyar da naman zuciyar kanta, kuma da ka tsaya ya zube, sai an sake daga farko. Bayan minti 2 ka duba na 'yan daƙiƙu ko ya fara numfashi. Idan ku biyu ne, a nan za ku yi musaya, ko da mai dannawar ya rantse bai gaji ba.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi

Likita ya gama da ƙirji, bari in ɗauki baki da hanci, don a ƙasarmu a nan hatsarin yake.

Kafin hurawa, buɗe bakin, ka jawo harshe waje, ka leƙa har maƙogwaro. Idan ka ga ƙashi, guntun rake, leda ko amai, ka zaro. Abin da ido ya gani kawai za ka ciro. Tura yatsa a makance yakan ƙara cusa abin ciki, kuma a gindin harshe akwai 'yan ƙananan ƙasusuwa na halitta da wasu ke ji su ɗauka abin da ya maƙale ne su yi ta ja. Kare da ke da sauran hayyacinsa kuwa kada ka sa masa hannu a baki ko naka ne, zai datse ka bai sani ba. Shi sai dai ka tsaya ta bayansa, ka dunƙule hannu a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, ka tura ciki da sama da ƙarfi sau 5, ka sake dubawa.

Yadda ake hurawa: miƙe wuyan har hanci ya zo layi ɗaya da gadon baya, don idan wuya ya lanƙwashe hanyar iska ta toshe. Mayar da harshe, ka rufe bakin ruf da hannu, ka kama leɓuna ta gefe saboda ta nan iska ke zurarewa. Ɗora bakinka ya rufe ƙofofin hanci biyu, ka hura na daƙiƙa ɗaya, idonka a kan ƙirji. Da ya ɗaga, ya isa. Bar shi ya sauka, ka ƙara ta biyu. Idan bai ɗaga ba, ko wuyan bai miƙe ba, ko leɓe na yoyo, ko akwai abu a ciki. Idan ciki ne ke kumbura maimakon ƙirji, ƙarfin hurawar ya yi yawa, iskar tana tafiya tumbi, kuma ƙarshenta amai ne da zai koma huhu. Huhun karen kilo 20 abin da yake bukata a shaƙa ɗaya kamar mililita 200 ne, bai kai rabin ledar ruwan sha ba.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, Malam. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu, a cikin miyau yake, kuma ba sai an yi cizo ba: miyau ya taɓa leɓe, ido ko wani ɗan rauni ya isa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba. Akwai nau'in da ke shanye jiki: muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala, kare ya kasa haɗiya, har mai shi ya rantse ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu. Saboda haka karen da ba ka sani ba, ko naka da ba a yi wa allurar rigakafi ba, ko wanda ya yi kwanaki halinsa ya canza kafin ya faɗi, kada bakinka ya kusanci hancinsa, kada hannunka ya shiga bakinsa ba safar roba. Danna ƙirji kawai. Idan miyau ya riga ya taɓa rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibitin mutane ranar.

Na biyu guba. Maganin ɓera mai baƙin gari da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake, idan suka haɗu da ruwan ciki suna fitar da iska mai guba da ke kama wanda ya shaƙa. Idan ka ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi daga bakinsa, fitar da shi fili, kada ka hura. Haka maganin feshi irin su fiya-fiya: za ka ga kumfa a baki, tsoka na rawa, ƙwayar ido ta tsuke. Yana ratsa fata, sai da safar hannu.

Sai dai kada a ɗauka hura iskar ado ce. Mutum babba yawanci zuciyarsa ce ke fara tsayawa da sauran iska a jininsa. Kare kuwa sau da yawa numfashi ne ke fara ɗaukewa, zuciya ta biyo baya, don haka jininsa ya riga ya ƙare da iska. Wanda ke da karnuka da yawa, abu biyu za su raba shi da wannan tsaka mai wuya: rigakafin hauka a kan lokaci, da jakar hura iska ta Ambu ta yara wadda masu sayar da kayan asibiti ke da ita, tare da murfin da zai zauna a hancin karen ba yoyo.

Tsohon Mafarauci

Allah ya saka wa likitoci. Abin da zan ƙara daga ɓangaren daji ne. Da yawa daga cikin karnukan da ke faɗuwa a farauta ba zuciyarsu ce ta tsaya ba tukuna, zafi ne, musamman Maris da Afrilu. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Alamarsa: harshe ya zazzago ya yi faɗi ya yi ja wur, miyau ya yi kauri kamar yauƙi, ƙafafun baya su fara tangaɗi. Wannan yana numfashi, ba ya bukatar a danna masa ƙirji. Inuwa yake so da ruwa a jiki, a ciki da hammata da matsematsi, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a bar shi, buhun zai ɗumame ya riƙe zafin.

Kuma a daina ɗura wa sumammen kare ruwa, madara ko manja. Wanda ba ya haɗiya, duk abin da aka zuba masa huhu yake tafiya. Mai farfaɗiya shi ma a bar shi ya gama shure-shurensa, a kawar da abin da zai buge, kada a sa masa sanda a baki.

Wanda aka tsamo daga rijiya ko kududdufi, al'adar mafarauta ita ce a kama ƙafafun baya a ɗaga shi sama ruwan ya tsiyaye. Likita, wannan ya halatta a wurinku?

Likitan Dabbobi

Baba, bayaninka kan zafi daidai ne. In ƙara adadi: zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 zuwa 39 ne da 'yan kai. Ya haura 41 rai na cikin hatsari. Mai ma'aunin zafi ya daina zuba ruwa idan ya sauko 39.5, don zai ci gaba da sauka da kansa.

Batun ɗagawa kuwa, a sassauta shi. Karkatar da kai ƙasa na daƙiƙa kaɗan don ruwan baki da hanci ya zube babu laifi. Amma ruwan da ya shiga can cikin huhu ba ya fitowa da rataya, abin da ke bulbulowa yawanci daga tumbi ne, kuma ana ɓata mintin da ya fi kowane tsada. Wujijjiga shi kuwa haramun ne a aikinmu, har ga jaririn kwikwiyo da ya fito ba ya motsi: shi tsumma mai tsabta ake sa wa a share hanci da baki, a goge jiki da ƙarfi. Wanda ya nutse iska ya fi bukata, don haka in dai naka ne mai rigakafi, kada a tsallake hurawar.

Wanda wayar lantarki ta ja, a kashe wutar ko a ture wayar da busasshen itace kafin a taɓa shi.

Akwai kuma karen da zuciyarsa ke bugawa sarai, kana jin ta a tafin hannu bayan gwiwar hagu, amma numfashi babu, kamar bayan saran wasu macizai masu shanye jiki. Shi hurawa kaɗai yake so, sau ɗaya duk daƙiƙa 6, wato 10 a minti, ana duba zuciyar a kai a kai.

Mai Gadin Gona

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu uku: ta yaya zan gane ya dawo, yaushe zan haƙura, kuma in ɗauke shi zuwa asibiti ne ko in tsaya ina dannawa?

Likitar Tiyata

Malam, kafin in amsa maka bari in ajiye wa abokan aiki na ƙananan asibitoci nasu kason, domin wurin da aka fi samun nasarar farfaɗo da kare shi ne teburin tiyata, inda aka ga tsayawar da ido kuma allura na cikin jijiya.

A rufe maganin sa barci nan take. A zura bututun maƙogwaro yana kwance a gefensa ba tare da an dakatar da mai dannawa ba. Da bututu ya shiga an bar 30 da 2: dannawa ba yankewa, iska 10 a minti, mililita 10 ga kowane kilo, da oksijin in akwai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai riƙe da jaka ya ruɗe ya yi ta matsawa da sauri. Wannan yana cika ƙirji da matsi ya hana jini komowa zuciya. Adirenalin, allurar farfaɗo da zuciya, miligiram 0.01 ga kowane kilo ta jijiya, duk minti 3 zuwa 5. A kwalbar da ke da miligiram 1 a mililita 1, karen kilo 20 zai samu mililita 0.2 kacal, a bi shi da ruwan gishirin asibiti na ƙarin ruwa don ya isa zuciya. Babban awon nan na da, mai ninki goma, sabuntawar RECOVER ta 2024 ta cire shi. Atirofin, mai ƙara saurin bugun zuciya, miligiram 0.04 ga kilo, sau ɗaya, a duba ƙarfin kwalbar don sun bambanta. Idan da zailazin aka kwantar da shi, wanda shi ne a hannun yawancinmu kuma yana rage bugun zuciya, a ba da makarinsa, atifamezol ko yohimbin. Kada a soka allura kai-tsaye cikin zuciya, ana yaga huhu da jijiyoyin zuciyar. Ƙarin ruwa da gudu sai ga wanda ya zubar da jini ko ya bushe da gudawa; ga wanda jininsa ke cike illa yake yi.

To Malam, alamun dawowa: dasashi da harshe su tashi daga fari ko shuɗi-shuɗi su koma ja-ja, ya haɗiyi miyau, ya ƙifta ido idan ka taɓa gefensa, ƙirji ya fara ɗagawa da kansa a jere, ka ji bugu a ƙarƙashin tafinka lokacin dubawa. Da ka ga haka daina dannawa. Buɗewar ƙwayar ido ita kaɗai ba hujjar haƙura ba ce, tana buɗewa da wuri bayan zuciya ta tsaya.

Gaskiyar da ya kamata ka sani: ko a manyan asibitocin Amurka masu kowane irin na'ura, karnukan da zuciyarsu ta tsaya suka koma gida da rai ba su kai 1 cikin 10 ba. Masu rabo su ne waɗanda sanadin nasu mai kawuwa ne, kamar shaƙewa, nutsewa ko maganin sa barci, kuma aka fara cikin minti na farko. Wanda tsohuwar cuta ta cinye, ko ya zubar da jini a ciki bayan mota ta buge shi, da wuya. Idan ka yi minti 20 kana yi yadda ya kamata babu ko alama ɗaya, ka yi iyakar naka. Wanda aka tarar jiki ya sandare, ba a farawa ma.

Batun tafiya: a kan babur ko cikin Keke ba a iya dannawa, awa guda kuma ba jini a ƙwaƙwalwa babu abin da zai isa asibiti. Tsaya inda kake ka yi aikin, wani ya kira likita a waya ya nemo mota. In an samu a-kori-kura, a kwantar da shi a dandamalin baya, mutum biyu suna karɓa-karɓa.

Wanda ya farfaɗo ma dole a kai shi, ko ya miƙe yana kaɗa wutsiya, domin da yawa zuciyar kan sake tsayawa cikin awannin farko, wanda ya nutse kuma huhunsa na iya cika da ruwa daga baya. A ɗauke shi a kan katako ko buhu mutum biyu, a gefensa, wuya a miƙe, harshe a waje, ba ci ba sha. Kada a ɗaure masa baki in yana haki ko amai. Ka riƙe lokacin da ya faɗi da tsawon mintin da aka yi ana dannawa, in kuma ana zargin guba ce a taho da kwalbar ko ledar maganin, a ƙulle cikin wata leda daban.